Zuwa Seward a Lokacin Shigowar Kifin Salmon: Shiri, Doka da Abubuwan da Ke Ɓata Tafiya

Seward ƙaramin gari ne a kudancin jihar Alaska ta Amurka, mazaunansa ba su kai dubu uku ba. Yana ƙuryar wani dogon lungun teku da ake kira Resurrection Bay, duwatsu masu ƙanƙara a ka sun sa shi a tsakiya. Daga Anchorage, birni mafi girma a jihar, tafiyar kilomita 200 ce da 'yan kai, awa biyu da rabi zuwa uku a mota. Daga Yuni zuwa farkon Satumba garin kan cika maƙil, kuma kifi ne ke jawo da yawa daga cikin baƙin. Wanda ya yi niyyar zuwa ya san tun farko cewa kifin ke sa rana. Da yawa sukan fara da ɗaukar hutu da yankar tikiti, sai daga baya su tambayi wane kifi ke cikin ruwa, su tarar wanda suka zo dominsa ya wuce da mako uku.

Dalilin haka yana cikin rayuwar kifin. A ƙoramar ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekara ɗaya zuwa biyar gwargwadon irinsa, sannan ya juyo ya nemi ƙoramar da ya fito, ya zuba ƙwai, ya mutu. Da ya bar gishiri ya shiga kogi yakan daina cin abinci. Fatarsa mai sheƙi kamar azurfa sai ta rine ta koma ja ko duhu, bakin namijin ya lanƙwashe, naman ya yi laushi ya rasa mai. Shi ya sa garin bakin teku ya fi wa mai son nama mai kyau: ana tare kifin tun yana da ƙiba, kafin ya hau kogi.

Wane kifi, wane wata

Iri biyar ne, kuma dole ka iya bambance su, domin doka ba ɗaya take a kansu ba. King shi ne babbansu. Mai kilo tara ko goma ba abin mamaki ba ne, kuma mafi girman da aka taɓa kamawa da sanda, mai kilo 44, a kogin Kenai na wannan yanki aka kama shi a 1985. A Seward ana sa ransa kusa da gaɓa daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Sai dai yawansa ya ragu ƙwarai a shekarun nan, har an sha rufe kamunsa a Kenai gaba ɗaya, don haka kada ka ɗora dukkan tafiyarka a kansa. Sockeye, mai jan nama jawur, kilo biyu zuwa uku da rabi, yana tururuwa a ƙuryar lungun a watan Yuni. Pink da chum na Yuli da Agusta ne. Pink ƙarami ne, namansa ba ya jure daɗewa a firiza, gara a ci shi a ranar.

Wanda Seward ya yi suna da shi shi ne silver, wanda kuma ake kira coho, mai nauyin kilo uku da rabi zuwa biyar da rabi. Yakan fara bayyana can bakin lungun a farkon Yuli, ya riƙa matsowa ciki cikin Agusta, har masu tsayuwa a gaɓa su same shi daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Ga baƙon da bai taɓa zuwa ba, shawararmu ita ce ya nufi tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta ya nemi silver. Yana da yawa, yana cafkar ƙugiya da zafi, yana tsalle sama da ruwa, kuma abin da doka ta yarda a ɗiba yana da auki.

Buɗe bakin kifin ka duba dasashinsa na ƙasa. In baƙi ne ƙirin, kuma ɗigo-ɗigon wutsiya ya cika sama da ƙasa, king ne. In dasashin fari ne, ɗigon kuma a rabin wutsiya na sama kawai, silver ne. Sockeye ba shi da ɗigo. Pink yana da manyan ɗigo masu tsawo a wutsiya, ɓawonsa kuma ƙanana ne sosai. Ƙaramin king da babban silver suna kama da juna a ido, kuma nan ne baƙi suka fi faɗawa hannun jami'ai.

Kafin ka tashi

Wanda zai taso daga Najeriya, Nijar ko maƙwabtansu ya fara da batun biza kafin ya biya ko sisi a wani wuri, domin tun 2025 Amurka ta tsaurara sharuɗɗa ga ƙasashen Afirka da dama, kuma suna yawan canzawa. Ko wanda ke zaune a Amurka ya kula da abu guda: hanyar mota zuwa Alaska ta Kanada take bi, manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa ma suna tsayawa a tashoshin Kanada, don haka mai fasfo ɗin da ke buƙatar bizar Kanada ana iya hana shi shiga jirgin. Jirgin sama daga Seattle zuwa Anchorage awa uku da rabi ne, kuma ba ya buƙatar wannan.

Masauki, motar haya da gurbi a jirgin kamun kifi, duka uku a kama su wata huɗu zuwa shida kafin lokaci. Motocin haya kan ƙare a Anchorage a tsakiyar lokacin zafi, waɗanda suka rage kuma su yi tsada. Ba lallai ne ka yi hayar ba: jirgin ƙasa na Alaska Railroad yana tashi daga Anchorage da sassafe kullum daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba, ya isa Seward cikin awa huɗu da ɗoriya, kuma tasharsa na dab da tashar ƙananan jiragen ruwa. Ranaku biyu ke da cunkoso fiye da kima: 4 ga Yuli, ranar tseren hawa dutsen Mount Marathon, da kuma kwanakin gasar kamun silver da ake yi a Agusta tun 1956. In ba gasar ta kawo ka ba, kauce musu.

Ka ware aƙalla kwana huɗu, ka sa ranar fita teku a farkonsu. Iska kan hana jirage fita, kuma kyaftin ɗin da ya soke tafiya saboda yanayi yakan mayar da kuɗi ko ya ba ka wata rana. Wata ranar ba ta da amfani ga wanda jirginsa na komawa gobe ne.

Sanyin da ake rainawa

A Yuli da Agusta ma'aunin zafi a Seward yana kaiwa digiri 15 zuwa 17 na Salsiyas da rana, ya sauko wajen 10 da dare. Mutum ya ji haka ya ce ai hunturun Jos ma ya yi wannan. Amma sanyin hunturu busasshe ne, wannan kuwa jiƙaƙƙe ne, da yayyafi da iska da feshin ruwan teku, kana tsaye wuri ɗaya awa takwas. Agusta da Satumba sun fi ruwan sama.

Sutura hawa uku ake yi. Na jiki ya zama na ulu ko na zaren roba mai tsotse gumi, na tsakiya suwaita mai kauri, na waje riga da wando na ruwa waɗanda da gaske ba sa yoyo. Auduga ita ce matsala: in ta jiƙe tana manne wa jiki tana janye ɗumi, ba ta kuma bushewa, don haka wandon jins da shadda a bar su a masauki. A ƙara da takalmin roba mai tsawo wanda tafinsa ba ya santsi, safar ulu biyu, hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, da tabarau. Tabarau ba don rana kaɗai ba ne, yana kare ido daga ƙugiyar da ta kuɓuce ta dawo da ƙarfi.

Lasisi da doka

Duk baƙon da ya kai shekara 16 sai da lasisi, ko da sanda ɗaya zai jefa daga gaɓa. Ana saye a shafin intanet na hukumar kifi da namun daji ta jihar, ADF&G, ko a kantunan kayan kamun kifi. Akwai na kwana 1, 3, 7, 14 da na shekara. A 'yan shekarun nan na kwana ɗaya dala 15 ne, na mako guda dala 45. Mai neman king yana buƙatar ƙarin izini na dabam a kan lasisin, kuma inda aka ƙayyade adadin shekara dole ya rubuta kowane king da ya ajiye nan take, da kwanan wata da wurin kamu.

A ƙa'idar da aka daɗe a kai, cikin Resurrection Bay mutum na iya ɗibar silver shida a rana, a wajen lungun kuwa uku. Amma littafin doka na shekara ba shi ne magana ta ƙarshe ba. Hukumar tana ƙirga kifin da ke shiga koguna, in ya yi ƙaranci ta fitar da umarnin gaggawa ta rage adadi ko ta rufe wuri, in ya yi yawa ta ƙara. Umarnin na iya fara aiki cikin kwana ɗaya ko biyu. Duba shafinsu a daren da za ka fita.

Akwai abubuwa huɗu da baƙi ke yi da zuciya ɗaya alhali laifi ne. Kifi na wanda ya fara sarƙe shi da ƙugiya ne, ba a cika wa aboki adadinsa. Kifin da aka kama da wannan lasisin ba a sayar da shi. Kamun da za ka ga ana yi da babbar koma mai doguwar ƙota a bakin kogin Kenai cikin Yuli na mazauna Alaska ne kaɗai. Sannan fizgo kifi ta jiki da ƙugiya mai baki uku, ba tare da ya haɗiya ba, an yarda da shi a ruwan gishiri na lungun Seward amma haramun ne a kogi, kuma akwai alamun da ke nuna iyakar biyun a gaɓa. Barin naman kifi ya lalace da gangan shi ma laifi ne.

A cikin jirgi

Fitar yini guda tana farawa wajen ƙarfe shida ko bakwai na safe a dawo da yamma, kuɗinta a kan kowane mutum yakan kama daga dala 300 zuwa sama. Sanda, ƙugiya da abincin ƙugiya duk na jirgin ne, yaran jirgi kuma su ke feɗe kifin. Abinci da lasisi naka ne. Ana ba ma'aikatan tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin tafiya, kuma wannan babban ɓangare ne na abin da suke samu a 'yan watannin da ake aikin. Ƙananan jirage masu ɗaukar mutum shida sun fi sauri kuma an fi kula da kowa. Manya sun fi natsuwa a kan igiyar ruwa, da ɗaki mai ɗumi da banɗaki. Mai tsoron jiri ya zaɓi babba, ko ya nemi fitar rabin yini da ba ta barin cikin lungun.

Jiri da amai sun fi komai ɓata wa baƙi rana, domin jirgi ba ya juyowa saboda mutum ɗaya. Magani irin su meclizine ba ya aiki bayan abin ya fara. A sha ɗaya da dare, ɗaya awa guda kafin tashi, bayan an tambayi likita ko mai kemis in ana shan wasu magunguna. A karya da abu mara maiƙo, a tsaya a waje wajen tsakiyar jirgi, ido a kan duwatsu, a ajiye waya. Kada ka shiga da ayaba: masu jirage da yawa sun camfa ta, kuma wasunsu ba da wasa suke ba.

Hanyar da aka fi kama silver ita ce a tsayar da jirgi a kan garken kifi, a saƙala yankakken ƙaramin kifin herring a ƙugiya, da dalma mai nauyin giram 110 zuwa 170 a sama da shi. Kyaftin yana ganin zurfin kifin a na'urarsa, zai faɗa maka inda za ka kai. Ka saki zaren zuwa can, ka riƙa naɗowa a hankali ba tsayawa, domin juyawar herring ɗin ce ke tsokano shi. Sau da yawa silver yana cafka ne ya yi sama, sai ka ji zaren ya yi sako-sako maimakon ya yi nauyi. Masu koyo sukan ɗauka abincin ne ya faɗi, su tsaya, kifin ya tofar. Naɗo da sauri har ka ji nauyi. Daga nan ka riƙe kan sanda a sama, kada ka bar zaren ya saki ko na daƙiƙa ɗaya, kada kuma ka ɗaga kifin daga ruwa da sanda. Jawo shi da kai gaba zuwa ga mai koma. In ya zagaya jirgi, bi shi, kana wucewa ta sama ko ta ƙarƙashin sandunan 'yan'uwa.

Mai kamu daga gaɓa yana buƙatar sanda mai tsawon mita biyu da rabi ko ɗan fiye, zare mai ɗaukar kilo bakwai zuwa tara, da ƙugiyoyi masu ƙarfe mai walƙiya irin su Vibrax lamba 4 ko 5 da Pixee. Ruwan tekun yana cikowa ya janye sau biyu a rana, bambancin kan kai mita uku ko fiye. Awa biyu kafin cikarsa da awa guda bayanta su ne lokacin kamu. Kantuna na ba da ɗan littafin jadawalin. Tsaunin yashin da ka tsaya a kai da ruwa ya janye na iya zama tsibiri cikin rabin awa, don haka ka riƙa waiwaye.

Haɗurran da ba na wasa ba

Hanyar Anchorage zuwa Seward tana bin gefen wani lungu mai suna Turnagain Arm. In ruwa ya janye za ka ga fili shimfiɗe kamar a taka. Laka ce mai kama ƙafa ta riƙe, ruwan kuma yana dawowa da gudu da sanyin da ke kashe jiki, an rasa rayuka a wurin. Kada a sauka.

Duk ƙoramar da ke da salmon tana da beyar (bear), ƙatuwar dabbar daji mai haɗari. Yi tafiya cikin ƙungiya kana magana da ƙarfi, kada ka bar kifi ko jakar abinci a ƙasa ka yi nisa. In beyar ya nufo ka kana fama da kifi, yanke zaren, domin fantsamar ruwan ce ke kiransa. Ja da baya a hankali kana fuskantarsa, gudu yana sa shi bi. Feshin barkono na korar beyar ana sayensa a can a bar shi a can, ba a shiga jirgin sama da shi ko a cikin akwati.

Filin da ake kafa tantuna a bakin ruwan Seward ya zama fili ne tun ranar 27 ga Maris 1964, lokacin da girgizar ƙasa mai ƙarfin 9.2 ta zubar da gaɓar cikin teku, igiyar tsunami ta biyo baya. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana rawa, kada ka jira jiniya, bi alamun hanya ka hau tudu da ƙafa.

Salla da abinci

Alƙibla daga nan arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa yamma. Baƙo yakan fuskanci gabas bisa sabo. Rana ba ta yin tsaka sai wajen ƙarfe biyu, a tsakiyar Agusta La'asar sai wajen shida, Magariba kuma goma saura, don haka wanda jirginsa ya dawo ƙarfe huɗu zai samu Azahar a tudu. Isha da Asuba ne ke da wuya: daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta hasken shafaƙi ba ya gushewa sarai, manhajojin waya sai su ba da lokuta masu saɓa wa juna. Malamai sun yi bayanin yadda ake ƙiyasi a irin waɗannan wurare. Ka tambayi malaminka kafin tafiya, ko ka bi jadawalin masallacin Anchorage.

Kifi ya wadata, amma a tambaya kafin a ci. Ƙullun da ake soya kifi da shi sau da yawa da giya ake kwaɓa shi, farar miyar kifi mai kauri akan sa mata naman alade, tsiran naman barewar ƙanƙara da ake tallarsa ko'ina shi ma yawanci gauraye yake da alade. Gasasshen salmon da shinkafa ko dankali ya fi sauƙin tantancewa.

Bayan kamu

Ingancin naman a mintuna goma na farko yake. A buge kifin a ka, a yanke jajayen sassan numfashinsa da ke ƙarƙashin marfin kunci don jini ya tsiyaye, a sa shi cikin ƙanƙara. Jinin da ya kwana a nama shi ke kawo ƙarni da baƙin tabo. Kifin da aka bari yana birgima a kan duwatsu ko aka ƙulle a leda cikin rana ya riga ya tafi, ko da firiza ta karɓe shi daga baya. Kada a jiƙa yankakken nama cikin ruwan daɗi, yana sa shi ya yi ruɓu-ruɓu.

Bayan cire kai, ciki da ƙashi, abin da ke saura ya ɗan haura rabin nauyin kifin. Silver shida za su ba ka kilo 12 zuwa 15 na tsoka. A tashar jiragen akwai masu yanka shi gunduwa-gunduwa, su sa a leda su zuƙe iskar, su daskarar, suna caji a kan nauyi. Suna buƙatar aƙalla dare ɗaya, don haka kifin ranar ƙarshe ba zai daskare kafin tafiyarka ba. Ana shirya shi a kwali mai rufin soso na kilo 23, daidai nauyin akwati ɗaya a jirgin sama. Kamfanonin jirage ba sa karɓar ƙanƙarar da ke narkewa ta zama ruwa, busasshiyar ƙanƙara (dry ice) kuma kilo biyu da rabi ne iyakarta, sai an kuma sanar da su. Kwalin da ya cika dam da daskararren kifi yana jure kusan yini guda da 'yan awoyi. Wanda bai cika ba ya fi saurin narkewa, a cike gurbin da takarda ko tufafi. Filin jirgin Anchorage yana da wurin ajiya mai firiza ga mai jiran tashi.

Wannan lissafin ya ishi mai komawa wani gari a Amurka. Mai dawowa Kano ko Yamai, da sauyin jirgi biyu ko uku da jiran kaya, lokacin ba zai kai shi ba. Gara ya dafa sabon kamun ya ci a can, ya sayi wanda aka yi banda aka rufe a gwangwani ko a jakar da ba ta buƙatar sanyi, ya kuma tambayi ƙa'idar kwastan ta ƙasar da zai sauka. Bandar da ke cikin ledar da aka zuƙe iska kawai tana buƙatar firij, kada kamanninta ya ruɗe ka. Salmon na daji kan ɗauki ƙananan tsutsotsi a nama, don haka a dafa shi har cikinsa ya kai zafin digiri 63 na Salsiyas, ko a daskarar da shi mako guda a sanyin 20 ƙasa da sifili kafin a ci shi ba dafuwa.

In akwai yara ko dattawan da ba za su iya yini a teku ba, a kai su shingen ƙirga kifi na Bear Creek, kilomita goma sha ɗaya ko sha biyu arewa da gari. Ana tsayawa a gefen ƙorama a ga sockeye a Yuni, silver kuma daga ƙarshen Agusta, sun yi cincirindo suna tsalle suna neman haurawa. Kallo kawai ake yi, ba a jefa ƙugiya a wurin.